ƘASAR DA AKE YI WA BAREWA GONA



A nan ƙasarmu, in manomi ya shuka wake, aikinshi na biyu tsaro ne. Ya yi shinge da ƙaya, ya sa yara su kori awaki, in ya ga sawun zomo ya ɗana tarko. To, akwai ƙasar da mutum zai yi sassabe, ya zuba taki, ya sayi iri mai tsada ya shuka, ba don rumbu ba, ba don kasuwa ba. Yana yi ne don naman daji ya zo ya ci. In ya tarar an ci gonar, murna yake yi. Ƙasar nan ita ce Amurka. Mai gonar kuwa mahalbi ne.

Wani zai ce ƙoshi ne ya yi masu yawa. Ta wani gefe yana da gaskiya. Amma bari mu bi labarin daga tushe, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Wace irin barewa ce?

Ba irin tamu ba ce. Mun kira ta barewa ne don ita ce ta fi kusa da ita cikin namun dajinmu. Tana tuƙa kamar akuya, kofatonta rabe yake biyu. Amma ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Namiji yakan kai kilo 60 har zuwa 130, wato ya fi babban ragon balami. Ƙasan wutsiyarta fari ne fat. In ta tsorata sai ta ɗaga wutsiyar tana gudu, sauran su gani su bi. Shi ya sa ake ce mata mai farar wutsiya.

Abin mamaki yana ga ƙaho. Namiji kaɗai ke da shi, kuma reshe-reshe yake kamar busasshen icce. Kowace shekara, wajen ƙarshen ɗari, ƙahon yakan faɗi ƙasa. Sabo ya fito, cikin ƴan watanni ya cika. Barewarmu kuwa da ƙahon da ta tashi da shi take mutuwa. Mahalban Amurka suna son nama, amma suna son ƙahon nan ƙwarai. Suna auna shi, suna kafa shi ga bangon ɗaki, suna alfahari da shi kamar yadda makiyayi ke alfahari da bijiminshi.

Cinta irin na akuya ne. Ta fi son ganye da toho da ƴaƴan itatuwa bisa ga busasshiyar ciyawa. Cikinta kwana 200 ne ko kusa da haka. Tana haihuwa cikin watan Mayu da Yuni. In ta samu abinci mai kyau, tagwaye take yi kusan kowace shekara.

Yadda ta kusa ƙarewa

Lokacin da Turawa suka isa Amurka, barewar nan ta cika daji. Suka shiga cinikin fatarta, ana loda wa jiragen ruwa zuwa Turai. An ce har yau sunan da Amurkawa ke kiran kuɗinsu da shi a bakin kasuwa sunan namijin barewa ne, don da can da fatarshi ake ciniki. Daga baya jirgin ƙasa ya zo. Masu halbi don sayarwa suka riƙa kai nama birane. Ba rani ba damana, ba a barin mai ciki, ba a barin mai shayarwa. Ana kuma sare daji ana yin gonaki. Zuwa shekarar 1900, abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce dubu 500 ba. A wasu jihohi yaro kan girma bai taɓa ganin sawunta ba.

Nan ne aka farga. A 1900 gwamnati ta yi doka, ta hana ɗaukar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata. Jihohi suka hana sayar da naman. Wannan ya karya masu halbi don kasuwa. Aka yanke lokacin farauta, aka yanke yawan da mutum guda zai kashe. A 1937 aka yi wata doka: harajin bindiga da harsashi a kai shi wajen kula da namun daji. Yau harajin nan kashi 11 ne cikin 100 ga bindigar farauta da harsashi. Da irin kuɗin nan aka ɗauki ma'aikata, aka sayi daji, aka kama barewa inda ta rage aka kai ta cikin mota inda ta ƙare. Ga shi kuma manoma da yawa sun bar gonakinsu sun tafi aikin birni, gonakin suka koma daji.

Yau ana ƙiyasta akwai wajen miliyan 30. Sun fi mutanen Nijar yawa. Mahalba na kashe wajen miliyan 6 kowace shekara, amma garken bai ragu ba. Masu koyon lissafi, ku duba: 6 cikin 30, ɗaya ke nan cikin biyar. Makiyayi ya san wannan. In matan garke na haihuwa, kana iya fidda ɗaya cikin biyar ka kai kasuwa, garke na nan.

Ku riƙe abu guda. Duk wannan ya faru kafin noman barewa ya zama yayi. Hukumomi sun daɗe suna ɗan shuka wa namun daji abinci nan da can. Amma sai cikin shekarun 1980 abin ya bazu ga mahalba. A 1988 wani ɗan kasuwa mai suna Ray Scott, a jihar Alabama, ya fara sayar da irin ciyawa da aka haɗa musamman don barewa. Yau buhunan irin nan sun cika kantuna, da hoton barewa mai babban ƙaho bisa kowane buhu.

Yadda ake yin gonar

Mahalbi yakan samu daji nashi, ko ya yi haya ga mai shi. A jihar Teksas masu ƙasa da yawa na samun kuɗi mai kauri daga hayar nan. Sai ya zagaya ya ga inda dabbobin ke kwana da inda suke shan ruwa. Tsakani yake yin gonar, kusa da duhuwa, don barewa ba ta son fita sarari mai faɗi da rana.

Gonar iri biyu ce. Akwai babba, hekta guda ko biyu ko fiye, ta ciyarwa. Akwai ƙarama, wani lokaci ba ta kai rubu'in hekta ba, ita ce ta halbi. Duka biyu ƙaramin yanki ne na dajin. Sauran an bar shi yadda yake.

Kafin ya shuka komi, sai ya ɗebi ƙasa wuri-wuri ya zuba cikin ƴar jaka ya aika wa masu awon ƙasa. Su gaya mashi abin da ta rasa. Ƙasar dajinsu ta cika tsami. Maganin tsamin garin wani farin dutse ne, ana watsa tan 2 har zuwa 5 ga hekta guda. Bayan nan takin zamani. Masu hali na aiki da tarakta. Marasa hali na jan ƙaramar garma da babur mai ƙafa huɗu, wasu ma da hannu suke watsa iri.

Shuka sau biyu ce a shekara. Ta farko in sanyi ya wuce, wajen Afrilu zuwa Yuni. Lokacin ne matan ke da ciki ko suna shayarwa, mazan kuma ƙaho na tsirowa. Suna bukatar abinci mai gina jiki. Me ake shuka masu? Waken soya, da masara, da dawa, da gero. Sai kuma wake. I, wakenmu wannan da muke ci da shinkafa, wanda muke yin ƙosai da shi. Asalinshi na Afirka ne. Zamanin cinikin bayi ya ƙetare teku. Jikokin bayin nan na cin shi har yau a kudancin Amurka, mahalba kuma na shuka shi don barewa.

Har dabararmu suna yi. Sukan haɗa wake da dawa wuri guda, don waken ya samu karan da zai hau. Matsalarsu ita ce barewa na son waken fiye da kima. Yana fitowa da kunne biyu sai ta tsinke shi, shi ke nan ya mutu. In gonar ƙarama ce, cikin kwanaki kaɗan an share ta. Don haka wasu kan kewaye ta da waya mai lantarki har waken ya yi yaɗo, sannan su buɗe. Kun ji: mutum ya yi wa barewa gona, ya koma yana tsare gonar daga barewa.

Shuka ta biyu wajen Agusta zuwa Oktoba ce, kafin ɗari. Ɗarinsu ba irin namu ba ne. A arewacin ƙasar ganye na zubewa, ƙanƙara ta rufe ƙasa wata da watanni. Shi ne lokacin yunwar dabba, kamar ƙarshen rani gare mu. Sai a shuka alkama da danginta, da wasu ganyaye dangin shu, wato kabeji, masu yin tushe cikin ƙasa. Barewa ta fi cin su bayan sanyi ya doke su. In ganyen ya ƙare sai ta tone tushen da kofato. Akwai kuma wata ƴar ciyawa mai ganye uku-uku, kuloba, dangin wake ce. In ta kama, takan yi shekara 3 har 5 ba a sake shuka ba.

Akwai wata ƴar dabara da ta burge ni. Tsakiyar gonar sukan kafa ɗan keji na waya, faɗinshi kamar taki guda, inda bakin dabba ba ya kai. Bayan wata guda sai a gwada. In na cikin keji ya kai gwiwa, na waje yana ƙasa, to dabbobi ne suka ci. In na ciki da na waje duka sun tsugune, laifin ƙasa ne ko na iri. Ba gardama. Wannan ko makiyayi na iya gwada shi cikin makiyaya, da ƙaya, ya ga abin da bisashe ke ci da abin da ƙasa ke iya fiddawa.

Barewa guda na cin wajen kilo 3 na ɗanyen ganye a yini. In goma ke zuwa gonar, kilo nawa ke nan a wata? Ku lissafa a aji.

Ranar halbi

Ba kullum ake halbi ba. Kowace jiha na da nata kwanaki. Galibi masu kwari da baka ke farawa, wajen Satumba ko Oktoba. Masu bindiga su biyo baya wajen Nuwamba. A wasu jihohi kwanakin bindiga ba su kai sati biyu ba. Lokacin ƴaƴan bana sun yi wayo, sun daina dogara ga nono. Kowane mahalbi sai ya yanki takarda. Takardar ta faɗi nawa zai kashe, maza ko mata. A yawancin jihohi, in ya kashe, dole ya shaida wa hukuma. Da haka ake sanin lissafi, a yanke na baɗi. Halbin dare da fitila laifi ne. Naman kuwa ka ci, ka ba maƙwabci, ka ba mabukata, amma ba ka sayarwa.

Kuma ko cikin gonarka barewa take kiwo, ba taka ba ce. Ta jama'a ce, hukuma ke riƙon ta. Ka ciyar da ita shekara guda, in ka halbe ta kwana guda kafin a buɗe farauta, tara ta hau kanka, ana ma iya karɓe bindigar.

Mahalbi kan ɗaure ƴar kujerar ƙarfe bisa icce, kamar gaba uku daga ƙasa, bakin gonar. Ya hau tun da asuba ko da la'asar, ya zauna shiru. Faɗowa daga iccen nan na cikin abubuwan da suka fi ji wa mahalbansu ciwo, shi ya sa suke ɗaure kansu da igiya. Lokacin bindiga yawancin jihohi sun tilasta sa riga mai launin lemu mai haske, don kada wani ya ɗauki ɗan'uwanshi nama. Idon barewa bai rarrabe launin nan sosai. Hancinta ne abin tsoro. In iska ta kai mata warin mutum, ba za ta fito ba. Sai mahalbi ya busa ɗan gari ya ga inda iska ta nufa, kamar yadda namu ke yi da toka ko ƙura. Yanzu har na'urar ɗaukar hoto suke ɗaurawa ga icce. Dabba na wucewa ta ɗauke ta, wata ma ta aiko da hoton cikin salula.

Da yawansu ba su halbin ƙaramin namiji. Suna barin shi ya shekara uku ko huɗu, ƙaho ya cika. Mata kuwa ana rage su da gangan inda suka yi yawa, don an daɗe da kashe kyarkeci da sauran manyan namun dajin da ke rage su.

Farauta ce ko kiwo?

Wannan tambaya su kansu Amurkawa na yin ta. Tsohon mahalbinmu da ya ɗaura kan burtu ga goshi, ya yi rarrafe rabin yini cikin ƙarangiya kafin ya kusanci nama, in ya ji wannan labari zai yi dariya. Mun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Nan kuwa zomon ne ke zuwa inda kake zaune. Masu gonar na amsawa cewa su suna ciyar da dabba wata goma sha biyu, su halbi guda ko biyu, sauran da tsuntsaye da zomaye su ci banza. Ni dai ina ganin abin ya fi kusa da kiwo. Kiwo ne marar turke.

Dokarsu ta raba abu biyu. Zuba tsabar masara tsibi guda don jawo dabba haramun ne a jihohi da dama. Shuka gona kuwa an yarda da ita kusan ko'ina. Dalili shi ne cuta. Akwai wata cuta da aka fara gani a jihar Kolorado a 1967. Tana cin ƙwaƙwalwar dabba, ta rame, yawu na zuba, ta mutu. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Tana bin yawu da fitsari da kashi, tana kuma daɗewa cikin ƙasa shekaru. A 2002 aka gan ta a Wiskonsin, yau ta shiga jihohi fiye da 30. Inda dabbobi ke sa baki wuri guda, nan ta fi yaɗuwa. Gona ta fi tsibin masara faɗi, amma ita ma tara dabbobi take yi, kuma akwai masana da ba su natsu da ita ba. Makiyayin da ya ga yadda ciwon huhu ke kama shanu bakin rijiya ya gane maganar.

Yawan ma ya zama wahala. Manoman gaskiya na kuka, barewa na cinye masu soya da masara. Mota na karo da barewa fiye da sau miliyan guda a shekara, mutane na mutuwa. Tana ɗauke da kaska mai sa wa mutum ciwo. Maƙwabta na ɓatawa, wannan ya ce gonar wancan ta janye mashi nama. In kuma aka haɗa kuɗin iri da taki da mai da haya, da yawa cikinsu naman mahauci ya fi masu araha. Sun sani. Sha'awa ce.

To mu fa?

Dattawan Dakwaro da Tanut da Abalak na tuna lokacin da barewa ke gilmawa gaban ayari, jimina na kiwo kusa da raƙuma. Farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna. Gonaki sun haura arewa. Amma abin da ya fi cin su shi ne bindigar zamani da mota, a bi dabba da gudu har ta faɗi. Mariri ya ƙare ƙaf. A shekarar 2000 aka bayyana babu shi cikin daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka kawo waɗanda aka kiwata cikin shinge aka sake su a Cadi.

Ke nan mu muna inda Amurka take a 1900, ba inda take yau ba. Wanda ya ji labarin nan ya ce bari ya shuka wake bakin daji don ya jawo barewa, abu biyu zai samu. Na farko, dajinmu na kowa ne, awaki da tumaki za su riga barewa. Na biyu, in ma ta zo, ƴan kaɗan da suka rage ne zai tara wa bakin bindiga. Kuma wane mai iyali ne zai ba naman daji tiya goma ta wake, rumbunshi bai kai shi watan shuka ba? Mutanen Kure, kusa da Yamai, sun san ɗacin abin, don raƙuman dawa na shiga masu wake ba da gayya ba.

Amma raƙuman dawan nan su ne shaidar cewa dabba na dawowa. A 1996 guda 49 suka rage. Aka tsare su, aka daina kashewa. Cikin shekara ashirin da ƴan kai suka wuce 600. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauki 8 cikin manyan motoci aka kai su Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, gandun dajin da aka keɓe tun 1955, mai hekta dubu 76. Ba wanda ya yi masu gona. A 2012 kuma aka keɓe Tarmit da Tin Tumma, can arewa maso gabas da Damagaram, don sauran namun hamada.

Doka muna da ita. Mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce ba a farauta sai da izini. Ta hana bin dabba da mota, ta hana farautar dare, ta hana cinna wa daji wuta don korar nama, ta hana guba. Talakan da ya kama zomo yakan ji tsoron ma'aikatan gandun daji. Mai mota da babbar bindiga, shi ne ya kamata ya fi jin tsoron.

Abincin naman dajinmu kuwa ba cikin buhu yake ba. Ƴaƴan gawo ne, da na kandili, da aduwa, da magarya, da guna mai kashe ƙishirwa. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin toho ya zama icce cikin gona, sun maido da itatuwa wajen miliyan 200. Don itacen wuta da abincin bisashe suka yi. Amma wasu ƙauyuka na cewa sun fara ganin zomo da zabon daji inda suka daɗe ba su gani ba.

Muna roƙon tsofaffin mahalba da makiyaya masu tafiya arewa. Wanda ya san inda barewa take har yanzu, kada ya rubuto mana sunan wurin, ya gaya wa ma'aikatan gandun daji kaɗai. Amma wanda ya san inda take da can ta ɓace, ya zauna da ɗalibin ajin yaƙi da jahilci na garinsu, a rubuta: sunan dajin, shekarar da aka yi mata ganin ƙarshe, icce ko ciyawar da take ci da rani, da watan da take haihuwa. A ba malamin aji ya aiko.